Allura Babu Zare

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami a kan wannan babi, kuma shi ne wanda na fi daɗewa ina kewaye masa. Na ba ku labarin ƙuruciyata a Gobarau, na ba ku na aurena da mahaifinku da zamanmu a Ƙofar Sauri, duk ban sha wahalar rubutawa ba. Yanzu na iso shekarar da ya rasu, Allah Ya jiƙansa, kuma a nan akwai gyaran da zan yi muku.

Akwai labarin da kuke bayarwa a kaina duk Sallah idan an taru a tsakar gida. Yayanku ne yake fara shi, yana ɗaga kafaɗa: wai Inna bayan Baba ba ta sake kallon namiji ba, an zo nemanta ta ce ita da aure har abada. Surukaina su yi ta gyaɗa kai, jikoki su zuba mini ido, ni kuwa in sunkuyar da kai, ku ɗauka kunya ce. Takaici ne. Labarin nan ba haka yake ba, kuma ba na so a binne ni da shi. Kun san ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba, haka aka rene mu, ba a kiran sunansa, ba a yi masa doguwar magana, ba a nuna masa so a gaban mutane. To a nan ma Yayanku zan riƙa cewa. Ku riƙe wannan, don shi ne rabin labarin.

Takaba ba a farkonta take da nauyi ba. A farko gida cike yake, wannan ta shigo da kwano, waccan ta fita da tabarma, ba ki da lokacin jin komai. Sai an yi addu'ar arba'in, dangi sun watse, maƙwabta sun koma harkokinsu, sannan mace take sanin abin da ya same ta. Nakan zuba tuwo a kwano biyu sai na tuna. Nakan ji an kira sallar Magariba in saurari tarinsa a zaure. Keken ɗinkina, wanda na rene ku da ƙararsa, na lulluɓe shi da tsohon zane na tura shi lungu, ban ƙara son ganinsa ba. Ba kwalli, ba turare, ba fita sai da larura. Binta, autata, ita ce mijinta ya bari take wuni wurina, ta koma da yamma. In ta tafi, daga ni sai wayar da ta saya mini, wadda ake shafawa da yatsa.

Malam Iro kun san shi, ko da yake kun san shi ne a matsayin mai gyaran keken ɗinki. Shagonsa yana wata 'yar kwana a Gobarau, cike da kawunan kekuna da warin mai. Tun kuna yara shi ke duba mini nawa, kuma mahaifinku ne da kansa ya fara kawo shi gidan nan, don tare suke zaman karatu. Dogo ne, marar yawan magana, matarsa ta riga shi da daɗewa, 'ya'yansa duk sun yi gidajensu. Ajami ya iya, boko kuwa sai dai lamba. Saboda haka in kekena ya yi gardama sai in ɗauki hoton wurin in tura masa, shi kuma ya turo saƙon murya ya ce in sassauta kaza, in ɗaure kaza. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, Allah ne shaida. Ya zo gaisuwa tare da maza a ƙofar gida, ban ma gan shi ba.

Bayan arba'in, ranar wata Juma'a, sai ga saƙo daga wurinsa. Ba murya ba ce, ba rubutu ba. 'Yan hotunan nan ne ƙanana da yara ke kira imoji: tafukan hannu biyu a ɗage, na addu'a. Wannan kowa na turowa, na ce amin a raina na ajiye. Juma'a ta zagayo, ga hannayen addu'a, a gefensu kuma allura. Na ce bawan Allah yana tuna mini sana'ata ne, kada in zauna baƙin ciki ya cinye ni. Juma'ar da ta biyo sai ga allura, ga kuma zare a manne da ita. A nan na daɗe ina kallon waya. Daga baya ya ƙara jinjirin wata, ya ƙara 'yar kwalbar nan mai yashi da ake auna lokaci da ita. Allura, zare, wata, kwalbar yashi, a jere, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Kada wani a cikinku ya ce tsohuwa ba ta gane ba. Na gane sarai. Mu da muka tashi lokacin da saurayi zai aiko yarinya da goro fari da ja a ƙulle cikin hankici, mu karanta abin da yake nufi tun daga yadda ya yi ƙullin, mu ne za a ɓoye wa magana a cikin hoto? Cewa yake yi: ni da ke mun dace, ina ƙirga watanni, zan jira. Ya ƙi turo murya ne don ya san murya magana ce, kuma mace mai takaba ba a yi mata wannan maganar.

Binta ce ta fara gani, tana neman wata lamba a wayar. Sai na ji ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar farko da aka yi a gidan tun rasuwar.

"Inna! Mi nike gani haka? Malam Iro ashe ɗan zamani ne?"

"Ke, ajiye mani waya. Ba ki da ta ido."

"Wallahi Inna ko samarin yanzu ba su iya jera su haka ba. Su fa sai ido biyu da wuta, wai kin yi kyau kin ƙone su. Ko makulli da zuciya, wai ke kika riƙe mabuɗin. In abin ya yi nisa a turo zobe da gida."

"To su 'ya'yan itacen nan da nike gani a ciki fa, su kuma mi suke nufi?"

Ta rufe baki da mayafi. "Wannan Inna ki bar shi. Na 'yan iska ne."

Na ce Allah Ya shirya. Amma da ta gama dariyarta sai ta zauna kusa da ni, ta dube ni da idon mace, ba na 'ya ba.

"Inna, kina so?"

Na karɓi wayar na kife ta a kan tabarma. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba, don ta gane amsar.

Abin da ya dame ni shi ne ko akwai zunubi. Mahaifinku mutumin kirki ne, na yi masa kuka na gaskiya, kuma ban so in haɗa takabarsa da abin da Allah ba Ya so. Sai na aika aka kira mini Yaya Sule, wana, wanda shi ne waliyyina tun rasuwar mahaifinmu, kuma ya yi karatu gwargwado. Na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau ya duba, ya cire, ya yi murmushi.

"Hajo, wannan ai bai ƙetare iyaka ba. Abin da aka hana shi ne a fito fili a nemi mai takaba, ko a ƙulla alkawari da ita a ɓoye. Amma mutum ya yi shaguɓe mai kyau, ya nuna shina da niyya, an yarda mashi. Iro ya san karatunshi."

"To ni mi zan yi?"

"Ki yi shiru. Kada ki ce i, kada ki ce a'a, sai kin fita."

Haka na yi. Ban taɓa mayar masa da ko ɗigo ba. Abu ɗaya na sani, Binta ta nuna mini: in ka buɗe saƙo, wasu 'yan layuka biyu sukan koma shuɗi a wayar wanda ya turo. Saboda haka ya san ina buɗewa. Ni ma na san ya sani. Ban goge ba, ban kuma toshe lambarsa ba. Kuma a cikin makonnin nan ne na jawo kekena daga lungu, na yaye zanen, na zuba masa mai, na fara yi wa jikoki 'yan riguna. Abinci ya fara shiga. Ina gaya muku wannan ne don ku san abin da hotuna huɗu suka yi wa uwarku a lokacin da ku duka kuna wuraren aikinku.

Ranar da abin ya lalace, da hantsi ne. Wayar ta cika ta daina karɓar hotuna, Yayanku ya biyo don ya gaishe ni kafin ya wuce ofis, ni da kaina na miƙa masa na ce ya rage mini tarkace. Ban ɓoye komai ba don ban ga abin ɓoyewa ba. Ina tankaɗe, sai na ji shiru ya yi yawa. Na ɗaga kai na ga fuskarsa ta canza.

"Inna, mi ne ne wannan?"

Na ci gaba da tankaɗe.

"Mai gyaran keke? Abokin Baba? Ƙasar kabarin Baba ko bushewa ba ta yi ba, shina turo maki wannan shashanci? Irin abin da 'yan tasha ke tura ma 'yan mata?"

Binta ta fito daga ɗaki. "Yaya, ba fa haramun ya yi ba. Kawu Sule ya gani, ya ce..."

"Ke rufe mani baki! Da ke aka haɗa baki ke nan." Ya juyo wurina, muryarsa ta sauka. "Inna, na san ba ki san ma'anarsu ba. Ke dai kin ga hotuna ne. Ko ba haka ba? Ki ce mani ba ki sani ba."

Ƙofa ya buɗe mini, ya tsaya yana roƙo in bi ta cikinta. Da wani ne daga cikinku, da Binta ce ko ɗaya daga cikin na tsakiya, da na ajiye rariya na ce zauna in gaya maka. Da na ce na sani, kuma ina so, kuma ubanka da kansa ba zai so in ƙare kwanana ina magana da bango ba. Amma ɗan fari ne. Ni da ban taɓa kiran sunansa ba, ni da ko yana jariri ba na ɗaukarsa in akwai mutane, ta ina zan fara gaya masa cewa zuciyata ta karkata ga wani namiji? Harshena ya yi nauyi. Ban ce na sani ba, ban ce ban sani ba. Shi kuwa ya ɗauki shirun ya fassara shi yadda ransa ke so. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce dama ya sani, ya goge saƙonnin gaba ɗaya, ya ajiye mini wayar a kan tabarma ya fita. Lambar ce kawai bai toshe ba, ina jin mantawa ya yi.

Juma'a ta zo, saƙo ya shigo kamar kullum. Na buɗe.

Da na fita takaba, na yi wanka, aka yi sadaka, na sa kwalli na ga fuskata ta dawo. Ba a yi mako ba Malam Iro ya tura manyansa wurin Yaya Sule, a fili, da rana tsaka, yadda ake yi. Yaya Sule ya zo da maganar bayan La'asar. Yayanku ya samu labari ya riga shi isowa. Na zaci faɗa zai yi, kuma da faɗan ya yi da na iya da shi, don ni ma ina da nawa zafin, kun sani. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, a daidai inda mahaifinku yake zama ya cire takalmi, mutum mai 'ya'ya har da na sakandare, ya sa kuka.

"Kawu, ku duba mani. Mi za a ce a unguwa? A ce uwarmu da jikokinta ta kasa haƙuri? A ce mun kasa riƙe ta? Mi ta rasa? In ta bar gidan nan, Baba ya mutu sau biyu ke nan."

Yaya Sule ya ce, "Kai yaro, aure ba abin kunya ba ne. Kuma ba kai aka zo tambaya ba." Ya juyo gare ni. "Hajo, magana taki ce. Bazawara ita ke zaɓa ma kanta. Mi kika ce?"

Na dubi Binta, tana tsaye jikin turmi tana gyaɗa mini kai a hankali. Na dubi wanda ke kuka. Wuyansa na mahaifinku ne, har yadda yake sunkuyar da shi. Na tuna ban taɓa rarrashinsa ba tun yana ƙarami, kakarsa ce ke yi, ni sai dai in leƙo daga nesa. Sai na ji a raina cewa wannan ne abu ɗaya da ya taɓa roƙo a wurina baki da baki.

Na ce, "Yaya, ka ce ma Malam Iro ya yi haƙuri. Allah Ya ba shi wadda ta fi ni."

Binta ta juya ta shige ɗaki. Yayanku ya share hawaye ya ce Allah Ya saka mini da alheri. Daga wannan yammacin ne labarin da kuke bayarwa ya samo asali.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko, waya ta yi ƙara. Allura ce ita kaɗai. Ba zare, ba wata, ba kwalbar yashi. Na buɗe, layukan suka yi masa shuɗi, kuma daga ranar bai sake turo komai ba. Ya kiyaye mutuncina har ƙarshe. Ni kuma na shiga bayi na yi kukan da ban yi a gaban kowa ba, na wanke fuska na fito na ɗora girki.

Yanzu bari in gaya muku abin da na biya, don ba ku taɓa tambaya ba. Ba ku rage ni da komai ba na ci da sha da sutura, Allah Ya yi muku albarka. Amma kukan zo ne ku gaishe ni a tsaye, mota na jira a waje. Jikoki su zo hutu su koma. Wanda zan ce wa yau ƙafata ta dame ni, ya ce tawa ma haka, mu yi dariya, babu shi. Wanda zan yi wa miyar kuka ya ce gishiri ya yi yawa, babu shi. Kekena da ya lalace na ji nauyin aikawa Gobarau, aka kai wa wani a kasuwa ya ƙarasa lalata shi, ga shi can a lungu har yau. Malam Iro kuwa bai sake aure ba. Da ciwo ya kama shi ya rufe shago ya koma gidan 'yarsa a Kambarawa, can ya rasu bara. Na je gaisuwa na zauna a cikin mata, aka tambaye ni ko 'yar uwa ce, na ce a'a, yana yi mini gyaran keke ne. 'Yar tasa ta daɗe tana kallona, sannan ta kama hannuna ta riƙe.

Ban rubuta wannan don in ɗora wa kowa laifi ba. Ni na zaɓa, da hankalina, kuma abin da na yi don ɗana ba na cewa na yi asara. Amma a daina cewa ban so ba. Na so mahaifinku, na yi masa takaba cikakkiya, sannan na so Malam Iro, kuma babu ɗaya da ya ci haƙƙin ɗaya.

Da na bar maganar nan ta bi ni kabari, ba don abin da ya faru a watan jiya ba. Allah Ya karɓi ran mijin Binta. Ga ta can a ɗakinta cikin takaba, yarinya da sauran ƙuruciyarta, da 'ya'ya ƙanana. Ina wuni wurinta kamar yadda ta wuni wurina. Shekaranjiya ina alwala a bayan ɗaki na ji Yayanku a tsakar gida yana ce mata ta kawo wayarta ya ajiye mata har ta fita, wai mazan yanzu ba su da kunya, kuma ta yi koyi da Inna. Na ji ta yi shiru. Na san wannan shirun, ni na koya mata shi. Na fito da buta a hannu na tsaya a gabansa, bakina ya sake yin nauyi kamar wancan karon, har ya yi sallama ya tafi.

To abin da baki ya kasa, hannu zai yi. Na yi shekara fiye da arba'in ban kira sunanka ba, yau zan rubuta shi, kuma ka san ba ƙaramin abu ne ya sa ni ba.

Kabiru. Ɗana. Ran nan da ka tambaye ni, na san ma'anarsu, tun daga allura har kwalbar yashi. Na bar maka nawa, kuma na yafe. Na Binta ba naka ba ne. Ka bar mata wayarta.